Jakar Uwar Ɗakina

Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar wa wata Baturiya jaka, kuma ba wanda ya sa ni. Shuɗiyar jaka ce ta yadi mai kauri, kullum a cike: filas ɗin shayi, takalmin canji, zaren saƙa, kwalin minti, da wani tsohon littafin magunguna da ta ƙi rabuwa da shi ko bayan komai ya koma cikin waya. Da safe in motarta ta shigo filin gidan kula da tsofaffin da muke aiki a Manassas, sai in ƙarasa in karɓi jakar. In an tashi in kai mata har mota, in ɗan rusuna in ce Allah ya kiyaye hanya, ta ɗaga mini hannu ta tafi. Kafaɗarta ta hagu tana da ciwo, wannan gaskiya ne. Amma ko lafiya lau take da na karɓa, domin a wurina uwar ɗakina ce, kuma ban ga yadda zan tafi hannu sake tana ɗauke da kaya ba.

Na zo Amurka daga Malumfashi da takardar jinya ta gida, da Turancin makaranta da ba ya shiga kunnen kowa. Muna haya a Hyattsville lokacin, ni da maigidana, aikin kuwa yana can Manassas, tafiyar sama da awa guda in hanya ta cushe. A makon farko aka haɗa ni da ita ta koya mini aiki. Doguwa ce, gashinta gajere ya fara furfura, ta girme ni da shekara goma sha bakwai, kuma ba ta da wasa a kan majinyaci. Ita ta nuna mini yadda ake juya ƙaton tsoho a gado ba tare da na karya bayana ba. Ita ta koya mini magana da likita a waya. "Bar doguwar gaisuwar nan taki," in ji ta. "Fara da lambar hawan jinin, in ya so ki tambaye shi iyali daga baya." Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara, ta kai ni filin wani coci da ba kowa, ta sa ni in ta taka burki ina jin yadda mota ke sulɓewa, har sai da na saba.

Akwai wani tsoho a ɗaki na ƙarshe da ya ce shi baƙin hannu ba zai taɓa jikinsa ba. Na tsaya riƙe da ruwan wanka, na rasa inda zan sa kaina. Ta shigo, ta ji, ta ce masa, "To, yau ba hannun da zai taɓa ka ke nan." Ta ja ni muka fita ta rufo ƙofa. Bayan rabin awa ya danna ƙararrawa, ta tura ni ni kaɗai. Da na koma gida na ce wa maigidana na yi uwar ɗaki. Ya yi dariya ya ce, "A Amurka? Allah dai ya sa ita ma ta san ta yi 'ya."

Na riƙe ta kamar yadda ake riƙon uwar ɗaki a gida. Ban taɓa kama sunanta ba, Mama nake ce mata, kuma ta ji daɗin hakan. Ba na haɗa ido da ita in tana magana. In na ga ta yi kuskure a takarda sai in gyara shiru, ba ta sani ba. Duk Babbar Sallah cinyar ragonmu tata ce, in soya in kai mata har gida. Ita ma ba ta gaza ba. Ta zo sunan autata cikin atamfar da na ɗinka mata, ɗaurin ɗankwalin ya karkace, mata suna ta dariya tana taya su. Ita ce ta matsa mini lamba in koma makaranta in yi digiri, ta riƙa karɓar mini aikin Asabar don in samu karatu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka muguwa ce. Matar nan ta so ni, ni ma na so ta.

Akwai dai wata magana da takan yi mini in mun keɓe. "Ke ba irinsu ba ce," in ji ta. "Ke kina da tarbiyya." Su ɗin kuwa baƙaƙen Amurka take nufi, waɗanda muke aiki tare. Ba zan ɓoye ba, daɗin maganar nake ji a lokacin, har in ƙara sunkuyar da kai. Yau in na tuna kunya ce take kama ni.

Cikinsu akwai wata nas haifaffiyar Virginia, jihar da muke aiki, wadda aka bautar da kakanninta a gonakin yankin. Ta riga ni yin digiri, amma tana nan inda take shekara da shekaru. Yaya nake ce mata, ko da yake ban ba ta girman sunan ba, gani nake ta cika ƙorafi. Wata rana ta tare ni a matakala ina saɓe da jakar.

"Ajiye jakar nan," in ji ta. "Tana da hannu."

Na ce, "Yaya, a wurinmu ladabi ne."

"A wurinku," in ji ta. "A nan kakata ta ɗauki irin wannan jakar har ta mutu, ba wanda ya kira shi ladabi."

Na yi mata kunnen uwar shegu na haye sama.

Sai ga shekarar annoba, da bazarar nan da wani baƙin mutum ya mutu a hannun ɗan sanda, duniya duka ta gani a waya. Titunan Washington suka cika da mutane. Mama ta kira ni tana kuka, tana cewa ita ba ta san abin ya kai haka ba. Ta kafa allo a ƙofar gidanta mai cewa ran baƙar fata ma rai ne. A wurin aiki Yaya ta rubuta wasiƙa zuwa ga manaja, abu ɗaya ta nema: in kujerar shugabanci ta zama fanko, a liƙa sanarwa kowa ya gani, kowa ya nema, a bi abin da ke rubuce. Kafin nan mai sauka ce take raɗa wa manaja sunan wadda za ta gaje ta, kuma raɗar ba ta taɓa faɗawa kan baƙar fata ba. Aka zagaya da wasiƙar a sa hannu. Sunan Mama ne a sama, da manyan baƙaƙe.

Ba a yi shekara ba shugabar nas-nas ta hawa na biyu, wato hawanmu, ta yi ritaya. Kowa ya san Mama ce mai jiran gado. Amma wannan karon aka liƙa sanarwa, kuma a cikinta akwai sharaɗin digiri. Sharaɗin ya daɗe a rubuce, kau da kai kawai ake yi in raɗa ta zo. Mama kuwa ba ta da digiri, da takardarta ta farko ta tsufa a aiki. Yaya ta ce ita saura mata shekara biyu ta huta, ni in nema.

Ban iya sa hannu a takarda Mama ba ta sani ba. Na je gidanta ranar Lahadi da hantsi, na same ta tana cire ciyawa a lambu. Na ce, "Mama, an ce in nemi kujerar nan. In kin ce in bari, na bari."

Ta yi dariya, ta goge hannu a wando. "Nema mana, 'yata. Ai za ki koyi yadda ake intabiyu."

Har takardar neman ita ta gyara mini. Ban gane dariyar nan ba sai daga baya. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa za a iya ba ni ba, shi ya sa izinin bai yi mata nauyi ba.

Aka ba ni.

Ranar da aka sanar, aka yanka kek a ɗakin hutu, mutum wajen ashirin, kowa da takunkumin fuska a haɓa. Mama tana tsaye a jikin firji, fuskarta ba yabo ba fallasa. Tausayinta ya kama ni, kunya ta rufe ni, sai na yi abin da uwata ta koya mini. Na ratsa mutane na je gabanta, na rusuna har gwiwata ta kusa taɓa ƙasa, na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce duk abin da na sani wannan baiwar Allah ce ta koya mini. Na ce kujerar nan tata ce, ni riƙon ƙwarya kawai nake mata. Na ce ban kai ta ba, ba kuma zan taɓa kai ta ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san irin wannan magana. Ba wanda yake jin ta ya tashi ya ɗauke kujerar. Ana yin ta ne don a wanke zuciyar babba, shi kuma ya ɗago ka ya ce a'a, naka ne, Allah ya taya ka riƙo, a shafa a tashi. Na tsaya a rusune ina jiran wannan amsa. Ba ta zo ba. Mama ta dube ni ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Sai wani ya tambaya ko akwai mai son ƙarin kek.

Yaya ta ja ni ɗakin ajiye zannuwan gado ta turo ƙofa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. "Shekara ashirin muna tura ƙofar nan," in ji ta. "Aka buɗe, kika zo kika durƙusa a bakinta. Kin san abin da kika ba su yau?"

Na ce, "Yaya, ba ki gane ba ne. Al'ada ce."

"Ke ce ba ki gane ba," in ji ta. Ta fita ta bar ni da zannuwa.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Da farko Mama ta koma ajiye mota ta ƙofar baya, inda ba zan gan ta ba, jakar kuma ta riƙa jan ta da hannun dama. Sannan ta daina ce mini 'yata, ta koma ce mini shugaba, da wani irin jan murya. In ƙaramar ma'aikaciya ta tambaye ta abu sai ta ce, "Je ki wurin mai takarda." Da Sallah ta zo na kai mata cinyarta kamar kullum. Washegari na tarar da kwanon a kan teburina, naman yana ciki ko yanka ɗaya ba a taɓa ba, da 'yar takarda cewa likita ya hana ta. A zuwan da na yi gidanta ne ma na lura allon ƙofar gidan ba ya nan, sai ramuka biyu a ciyawa. Majinyata kam ba ta taɓa yi musu sakaci ba, ko sau ɗaya. Ni kaɗai ta ɗauke wa wuta.

Ina zaune ina kallon kwanon nan sai kakata ta faɗo mini a rai, ta wajen uba. A Malumfashi akwai wani gida a bayan kasuwa da muke ce wa mutanenmu. Sai da na girma na san ma'anar, ashe kakanninsu bayin kakanninmu ne. Duk Juma'a kakata takan aika musu da kwanon waina, kwano ya dawo a wanke, ba komai ciki sai godiya. In tsohuwar gidan ta zo gaisuwa a bakin ƙofa take tsugunawa, ba ta hawa tabarma. Kakata tana son matar nan so na gaskiya. Ita ta yi jinyarta da ta kwanta, ita ta fi kowa kuka da mijin matar ya rasu, ita ce ma ta tsaya kai da fata sai an sa ɗanta a makarantar boko. Ɗan ya yi karatu ya zama injiniya, ya kai uwarsa Makka. Juma'ar da ta biyo bayan dawowarta, kwano ya dawo da nauyi. Kakata ta ɗaga murfin, sai ga farfesun kaji da ƙullin dabino. Ta mayar da murfin ta ce, "Wato yanzu mu ne abin a ciyar." Da yamma tsohuwar ta zo da kanta, ta zauna a gefen tabarma, wataƙila ma gwiwa ce take damun ta. Kakata ta miƙe ta ce za ta yi salla, alhali ba a kira la'asar ba. Daga ranar waina ba ta sake zuwa gidan nan ba, kuma har kakata ta koma ga Allah tana cewa mutanen nan sun ci mutuncinta.

Ko allura ba a ɗauka daga ɗakin kakata ba. Kaza ma aka ƙara mata. Amma ta kwana ta tashi tana jin an yi mata sata, kuma da gaske take ji, ba ƙarya take yi ba. Sonta ga matar nan yana da sharaɗin da ita kanta ba ta san da shi ba: ita a sama tana miƙowa, waccan a ƙasa tana karɓa. Mama kam ba zan ce ba ta yi rashi ba, kujerar da ta daɗe tana gani tata ce ta wuce ta. Amma na san ta. Da wata Baturiya mai digiri aka kawo daga waje, da ta yi gunaguni na mako biyu ta haƙura. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne mai ɗaukar mata jaka ce take sa hannu a takardar hutunta.

Haka muka yi shekara huɗu. A cikinsu iska ta juya a ƙasar baki ɗaya. Allunan ƙofar gidaje suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi kuka a waccan bazarar suka fara cewa abin ya yi yawa, an wuce gona da iri, yanzu su ake zalunta. Wasu sababbin mutane suka sayi gidan da muke aiki, suka ce duk wanda yake ganin an danne shi a ƙarin girman da aka yi a shekarun nan ya kawo kuka. Ba a yi wata ba aka miƙo mini ambulan. Mama ce ta kai ƙara. Ta ce don launin fata aka ba ni kujerar, ba don cancanta ba, kuma ni da bakina na amsa haka a gaban shaidu. Ga maganata nan a rubuce, kalma bayan kalma, har da rusunawar. An sa ranar zama, kuma in an tabbatar za a sauke ni.

Na kai wa maigidana takardar ya karanta sau biyu. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ki ce musu al'ada ce," in ji shi. "Amma ba nan za su tsaya ba. Za su tambaye ki wa ya fi cancanta, ke ko ita. Me za ki ce?"

Na ce, "Haba, Malam. A gabanta? Matar da ta koya mini juya majinyaci?"

"To ki shirya miƙa musu makullin ofis."

Na ce ai kujera ba ita ce rayuwa ba, kuma har zuciyata na fara shirin sauka. Na fi son in koma ƙasa Mama ta dawo mini. Sai Yaya ta kira ni, lokacin ta yi ritaya, labari ya kai mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "In kika sauka ba ke kaɗai kika sauka ba. Za a ce an gwada an gani, har ita ma ta faɗa da bakinta. Sai a koma raɗa."

Ranar zaman, bayan azahar, muka shiga wani ɗan ɗaki mai dogon tebur. Mutum uku ne: manaja, wata mata daga ofishin ma'aikata, da wani mutum mai ladabi ƙwarai da sababbin masu gidan suka turo. Mama tana ɗaya gefen, jakar a kan cinyarta. Da aka tambaye ta yadda ta riƙe maganata daidai haka, sai ta zaro tsohon littafin magungunan nan ta buɗe bangon baya. A ranar kek ɗin ta rubuta, da kwanan wata. Littafin da na yi shekaru ina saɓawa a kafaɗa.

Mutumin ya karanta ya ce, "Kin faɗi haka?"

Na ce na faɗa. Na shiga yi masa bayanin uwar ɗaki, da yadda ake girmama na gaba a wurinmu. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Na gode, abin sha'awa ne. Amma amsa ɗaya nake so. A lokacin da aka yi naɗin, tsakaninki da ita, wa ya fi cancanta?"

Ina kallon teburin, ina jin ƙamshin mintinta. Duk tarbiyyar da aka yi mini tana ce mini in ce ita ce, in tashi da mutuncina. Na ɗago kai na dube ta cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Sai ranar na san launin idonta. Duk shekarun nan na ɗauka shuɗi ne, ashe ruwan toka ne, da ɗan kore a gefe.

Na ce, "Ni ce."

Na faɗi digirina. Na faɗi yadda na tsara keɓe masu annoba a hawanmu lokacin da kowa ya ruɗe. Mama ta katse ni, fuskarta ta yi ja. "Ni na koya mata komai," in ji ta. "Komai."

Da na yi shiru a nan da ya isa, domin magana ta riga ta ƙare. Amma ina da zuciya, kuma ta daɗe a danne. Na ce, "Kin koya mini komai, Mama. Shekara biyar ɗin ƙarshe kafin naɗin kuma, ni nake bin bayanki ina gyara takardunki ba ki sani ba."

Gaskiya ce, kuma ba a tambaye ni ita ba. Na ga yadda ta shige ta. Ta mayar da littafin cikin jaka, hannunta yana neman zif ɗin ya kasa samu. Har yau wannan jimla ita kaɗai nake da-na-sanin faɗa a ɗakin nan.

Bayan mako biyu aka rubuto cewa an rufe ƙarar, kujera tana hannuna. Maigidana ya ce a yi sadaka, aka yi. Yaya ta aiko mini da furanni. Ni kuwa ko abinci ban ji daɗinsa ba a makon. Wata biyu bayan haka Mama ta ajiye aiki, ta ce kuma kada a yanka mata kek.

Ranarta ta ƙarshe, wajen ƙarfe uku da rabi, na sauko ƙasa na gan ta a bakin ƙofar baya. Ta rungume kwalin kayanta da hannun dama, jakar tana ƙasa kusa da ƙafarta, ta rasa yadda za ta yi da ita. Tsohuwa ce 'yar shekara sittin da takwas mai ciwon kafaɗa, ko ba uwar ɗakina ba ce ba zan wuce ta ba. Na sunkuya na ɗauka. Nauyinta yana nan yadda na san shi. Muka taka har mota. Na sa jakar a kujerar baya, ta shiga ta zauna, ta sauke gilashi. Sai na ga fuskarta ta saki, karo na farko cikin shekara huɗu. Ta miƙo hannu ta dafa nawa.

"Yauwa," in ji ta. "Ga yarinyar da na sani."

Shekarata hamsin da ɗaya, furfura ta cika ƙarƙashin ɗankwalina. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne daɗin da na ji. Zuciyata ta yi sanyi kamar an dawo mini da uwa, na kuma gane a take cewa wannan ce kaɗai ni ɗin da za ta iya so, mai jaka a hannu, kai a ƙasa. In na rusuna yanzu, na san har gida za ta kira ni shan shayi.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama."

Gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta, na hana ta. Na tsaya a miƙe, hawaye yana zubo mini, ina kallon ta cikin ido. Ta ɗan jira, gilashi a sauke, kamar yadda na jira ta ranar kek. Sannan ta janye hannunta, ta ɗaga gilashin ta ja mota. Na goge fuska da bakin ɗankwali na koma sama, domin lokacin maganin ƙarfe huɗu ya yi.